Yara Takwas, Tanda Ɗaya

 Da yawanmu mun taɓa tara kuɗi muka sayi waya don mai shago ya ce ƙwaƙwalwarta takwas ce. Muka kai gida, sai ga wata manhajar tana nauyi kamar dā. Ina takwas ɗin suka shiga?

Mu leƙa wurin mai masa a bakin Babbar Kasuwar Sakkwato. Ko yara takwas ta sa aiki, wani na ƙulla leda, wani na karɓar kuɗi, tanda dai ɗaya ce. Duk wanda ya gama nasa sai ya tsaya jiran masa ta soyu. Haka manhaja take. Tana raba aiki tsakanin ƙwaƙwalen, amma akwai ɓangaren da ba ya rabuwa.

Gene Amdahl, injiniyan kwamfuta ɗan Amurka, ya bayyana wannan a 1967. Mu ɗauki aikin minti 100, wanda minti 10 daga ciki ba sa rabuwa. Mu raba 90 gida 8, mu ƙara 10: minti 21 da 'yan daƙiƙoƙi. Saurin bai kai ninki 5 ba, balle 8. Ko ƙwaƙwalwa dubu aka zuba, aikin ba zai yi ƙasa da minti 10 ba.

Shi ya sa ƙwararrun masu rubuta manhaja ke fara auna lokacin kowane mataki, su gano inda ake jira, sannan su gyara wurin.

Aikin gida: minti 100, 20 ba sa rabuwa, ƙwaƙwalwa 4. Minti nawa ke nan? Sai mako mai zuwa.