Kafin a zuba kuɗin sintiri a kan bindiga

Tun bayan harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, inda aka kwashe ɗalibai da malamai, maganar mallakar bindiga ba ta mutu ba a Zariya. A Samaru, Hayin Dogo, Bomo da Basawa, duk lokacin da aka zauna taron unguwa kan kuɗin sintiri, sai wani ya tashi ya ce a tara a sayo makami. Tsoron gaskiya ne, Giwa ba nisa. Amma a wannan tsadar, ra'ayinmu shi ne bindiga ta koma ƙarshen lissafi.

Ana yawan kafa hujja da gwamnoni. Aminu Bello Masari ya ce mutanen Katsina su nemi makamin kare kai a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce a nemi lasisi a Yunin 2022. Abin da ake mantawa shi ne gwamna ba ya ba da lasisi. Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro a lokacin, ya fito ya faɗi haka. A dokar makamai ta 1959, manyan bindigogi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin mai baki biyu sai Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa an dakatar da bayar da lasisi. Wanda ya saya ta bayan fage kuwa, dokar fashi da makami ta tanadi ɗaurin shekara 10. Ke nan kuɗin jama'a na iya ƙarewa wajen lauya da zaryar kotu, bindigar kuma tana ofishin 'yan sanda.

A ce ma an samu lasisin. Sayen bindiga kamar sayen doki ne, ciyarwar ta fi kuɗin sayen. Harsashi daga waje ake shigo da mafi yawansa, farashinsa na bin dala, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ga sabunta lasisi, ga akwatin ƙarfe na ajiya saboda yara, ga koyon harbi, wanda shi ma harsashi yake ci. Mutumin da bai taɓa harbi da rana ba, kada a sa ran zai iya da ƙarfe biyun dare, ƙafa na rawa. Maƙwabci ko ɗalibin da ya dawo daga karatun dare a Jami'ar Ahmadu Bello shi ne ya fi kusa da bakin bindigarsa. Kuma gidan da aka san akwai makami, ɓarayin daji sukan fara da shi.

To ina kuɗin zai tafi? Da farko albashin 'yan sintiri, a kan lokaci. Mai gadin da ke bin bashin wata biyu, ko dai ya yi barci ko ya bar aikin, wani ma ya zama mai kai rahoto. Sai fitilun sola a lungunan da ke fita zuwa gonaki, tocila, usur, katin waya, man babur da ƙofar ƙarfe a bakin layi. Waɗannan suna aiki kowane dare, ba su kai kowa gidan yari.

Makami kuma a bar shi hannun waɗanda doka ta sani. Gwamna Uba Sani ya ɗauki mutum 7,000 aikin rundunar sintiri ta jiha, KADVS, a 2023. Kwamitocin unguwa su je wurin shugaban ƙaramar hukumar Sabon Gari da DPO a rubuce, su tambayi nawa aka turo Samaru, a ina suke kwana, kuma wace lamba za a kira idan aka ji motsi.