Kafin ka buɗe shago a intanet, tambayi wanda zai riƙe makulli



Kwanakin nan babu maganar da ta fi yawo tsakanin 'yan kasuwarmu, daga Aboabo da Alabar a Kumasi har Nima da Madina a Ankara, kamar ta buɗe shago a intanet. Mai shadda yana so, mai ɗinka fugu yana so, haka matan da ke haɗa turaren wuta da yaji a cikin gida. Kowa tambayarsa ɗaya: wace manhaja ce ta fi kyau? Wani ya ce Shopify, wani ya ce WordPress, wani ya ce Wix. A ganina an fara tambayar daga wutsiya. Wanda zai kama rumfa a Kejetiya yakan fara sanin mai rumfar, da kuɗin haya, da abin da zai fita da shi ranar da aka ce ya tashi. Launin fentin ƙofa daga baya ake maganarsa.

Manhajojin nan kashi biyu ne. Shopify, wanda kamfanin Kanada ne, da Wix, haya ce: ka biya kuɗin wata, a ba ka shago a share, tsaro da gyara suna wuyansu. WordPress kuwa, tare da WooCommerce da ake ɗora masa don ya zama shago, kyauta ne, amma kyautar kayan gini ce. Kai za ka nemi kamfanin da zai ajiye maka shafin ka biya shi, kai za ka riƙa sabunta manhajar, in kuma ta lalace ko ɓarayin intanet suka kutsa, kai za ka nemo mai gyara.

Hayar tana da daɗi, sai dai da dala ake lissafa ta, mu kuwa da sidi muke ciniki. Duk wanda ya yi kasuwa a 2022 bai manta ba: an shiga shekarar dala tana wajen sidi shida, kafin ƙarshenta ta haura goma sha huɗu. Mai haya da dala ya wayi gari kuɗin rumfarsa ya ninka, ba tare da an ƙara masa ko taku ɗaya ba, kuma ko ya yi ciniki ko bai yi ba wata zai ƙare. Wanda masu sayensa suke Jamus ko Amurka, suna biyansa da kuɗin can, wannan ba zai dame shi ba. Mai sayar wa maƙwabtansa na Asawase ya yi lissafi da kyau.

Sai hanyar karɓar kuɗi, inda ƙawa ke ruɗin mutane da yawa. An gina waɗannan manhajoji ne don ƙasashen da kowa ke yawo da katin banki. Mu a nan, tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, kuɗin talaka a waya yake. Shagon da bai karɓar MoMo, ko da zinari aka zana shi, mai saye zai leƙa ya wuce. Shopify yana da tasa hanyar biya, amma ba ta aiki a Gana, dole ka haɗa shi da wani kamfani irin Paystack, kuma a ƙaramin tsarinsa yana cire kashi biyu cikin ɗari na kowane ciniki saboda ka bi ta wata ƙofa, ban da la'adar da shi Paystack ɗin zai ɗauka. WooCommerce ba ya cire komai a kan ciniki. Kada ka yarda da faɗar baki a nan. Sa wanda ya gina maka shagon ya tsaya, ka sayi abin sidi biyar da wayarka, ka ga kuɗin sun faɗa asusunka.

Abin da ya fi damuna shi ne makulli. A aikina na rubuta wa dattijo wasiƙu da ajiye takardun sulhu, na ga irin wannan rigima tana ƙaruwa. Ɗan kasuwa ya ba wani yaro mai ilmin kwamfuta kuɗi ya gina masa shafi. Yaron, sau da yawa ba da mugun nufi ba, sai ya yi rajistar sunan shafin da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Shekara ta zagayo, lokacin sabunta rajista ya yi, yaro ya tafi neman kuɗi Dubai ko sun ɓata da maigidan. Shafi ya mutu, sunan da aka buga a leda da allon shago ya tashi a banza, wani ma yana iya saye shi. A zaman sulhu babu abin da za a kama, domin a wurin kamfanin rajista yaron ne mai shafi. Sunan shafi shi ne takardar filinka. Ko kai ba ka iya karatun boko ba, a yi rajistarsa da sunanka da lambarka, kalmar sirri kuma ta zauna a hannunka da hannun mutum ɗaya da ka amince da shi.

Haka littafin masu saye. Iyayenmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano sun san cewa jarin maigida mai saukar da fatake shi ne mutanen da ya sani da waɗanda suka san shi. Tambayi kowace manhaja: in na tashi, zan fita da sunayen masu sayena da jerin hajata? Shopify da WooCommerce suna bari ka kwashe su. Wix ma yana ba ka jerin, amma ginin shafin kansa ba ya ɗaukuwa zuwa wani gida, sai ka sake daga tushe. Masu cewa Facebook da WhatsApp sun ishe su kuwa, su tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida a duniya baki ɗaya.

Akwai wani abu da almajiran fiƙihu za su ji daɗinsa. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har da sayen ƙunshin tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Sunan wannan takarda barnamaji, kuma da kalmar nan Larabawan yau ke kiran manhajar kwamfuta. Sharaɗin shi ne siffa ta zama sananniya, in kaya suka saɓa mata mai saye yana da zaɓin mayarwa. To, shagon intanet gaba ɗayansa cinikin barnamaji ne. Manhajar da ta dace da kai ita ce wadda za ka iya, da wayarka, ka rubuta yadi nawa ne, wane launi, nawa ya rage, ka cire abin da ya ƙare nan take. In sai ka jira yaro ya dawo daga makaranta kafin a gyara farashi, za ka sayar da abin da ba ka da shi.

Kada kuma a manta mutanenmu masu son tayi ne. Farashin da aka kafe ba ya hana Bahaushe cewa a rage masa, don haka a sa maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp ɗinka kai tsaye. Shafin ya zama mara nauyi, domin a ƙaramar waya za a buɗe shi, da datar da aka saya ta sidi uku.

Da za a nemi shawarata, mai haja ashirin ko talatin bai buƙatar haya da dala tukuna. Jerin kaya na WhatsApp Business da ƙaramin shagon da Paystack ke bayarwa sun ishe shi, ya dai sayi sunan shafinsa tun yanzu ya ajiye. In ciniki ya buɗe, yana kuma da mai gyara a kusa wanda ba ya shirin tafiya, WooCommerce ya fi masa sauƙin kuɗi. Ranar da zai ba da aikin, a rubuta takarda gaban shaidu biyu: kuɗin gini, kuɗin kulawa na shekara, ranar sabunta rajista, da sunan wanda aka yi rajistar da shi. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, ɗaya kuma a kawo fada a ajiye.