Kifin salmon ne ke tsara kalandar Alaska

Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Satumba, manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido na tashi daga Seattle da Vancouver su bi ta tsakanin tsibiran kudu maso gabashin Alaska. Tallar kamfanoni kan nuna hoto guda a kan dukan watannin biyar: beyar a bakin rafi da kifi a baki, ga ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel tana kaɗa jela. Wanda ya tara kuɗi shekaru don wannan tafiya sai ya ɗauka kowane mako daidai yake da ɗan'uwansa, ya zaɓi mafi araha. A nan asarar take farawa, domin abinci ne ke kawo dabbobin nan inda ido zai gan su, abincin kuwa yana da lokacinsa.

Wel mai doro ba ya ba da wahala sosai. Yana yin hunturu a ruwan Hawaii kusan ba tare da ci ba, sannan ya yi tafiyar kusan kilomita 4,800 zuwa Alaska da yunwa. Daga Yuni zuwa Agusta da wuya a fita nemansa a kewayen Juneau ko mashigin Icy Strait a dawo ba a gan shi ba. Dokar Amurka ta hana kusantarsa ƙasa da yadi 100 a ruwan Alaska, saboda haka madubin hangen nesa ya fi ɗaki mai tsada amfani.

Beyar ce ke raba gardama. A Mayu da Yuni, bayan ta fito daga barcin hunturu, takan sauko bakin teku tana kiwon ɗanyar ciyawa, mai sa'a ya hango ta daga nesa kamar ɗigon baƙi. Taruwar da ake gani a hotuna ba ta samuwa sai kifin salmon ya baro teku ya hau rafuka don yin ƙwai. A wannan yanki, salmon mai ruwan hoda, wanda ya fi sauran yawa, yana cika rafuka ne a Yuli da Agusta. Hukumar gandun dajin Amurka ma ta tabbatar da haka a aikace: a rafin Anan, kusa da garin Wrangell, inda baƙar beyar da mai ruwan ƙasa ke kamun kifi a wuri ɗaya, ana buƙatar takardar izini daga 5 ga Yuli zuwa 25 ga Agusta, kuma ana iyakance yawan mutanen da ake bari a rana. Ba a sa shinge sai inda ake cunkoso. Inda kifi ya taru kuma, gaggafa mai farin kai na nan a kan reshe tana jiran rabonta.

Saboda haka, ga wanda zai je sau ɗaya tak a rayuwarsa, kuma yake son wel da beyar a tafiya guda, makonnin da ke tsakanin tsakiyar Yuli da tsakiyar Agusta ne suka cancanci kuɗinsa. Sai dai lokacin yana da nasa farashi. Tikiti ya fi tsada, tashoshin jiragen sun cika maƙil, ruwan sama kuma yana ƙaruwa yayin da Agusta ke tafiya. Garin Ketchikan na samun ruwan da ya kusa mita huɗu a shekara, mafi yawansa kuwa a kaka da hunturu yake sauka. Amma rigar ruwa na maganin wannan, alhali babu abin da zai kawo kifi rafi kafin lokacinsa.

Masu son Yuni suna da hujjar da ba za a raina ba. Sararin sama ya fi washewa, rana kan kai awa 18 ba ta faɗi ba a Juneau wajen 21 ga wata, kuma a lokacin ne dabbar sil ke haihuwa a kan gutsattsarin ƙanƙara da ke yawo a gaban tsaunukan ƙanƙara. Abin da ba a cika faɗa wa matafiyi ba shi ne, wannan haihuwar ce ke sa a rufe wasu wurare: mashigin Johns Hopkins a gandun Glacier Bay a rufe yake ga jiragen ruwa daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Yuni, manyan jiragen fasinja kuwa sai Satumba. Gandun kansa manyan jirage biyu kawai yake karɓa a rana, don haka ba kowace tafiya ce ke shiga cikinsa ba, ko da wane wata ne.

Akwai kuma abin da ya wuce kwanan wata. Babban jirgi ba ya shiga rafin da beyar take. Daga tasha sai an hau ƙaramin kwalekwale ko jirgin sama mai sauka kan ruwa. Kujerun nan kaɗan ne, kuma a makonnin da kifi ya hau ana kama su tun watanni kafin jirgi ya bar Seattle.