Daga Teburin Malam: Yarinya Mai Son Sana'a Uku A Digiri Ɗaya

Ranar Asabar da ta wuce wani uba ya zo gidana a nan Nasarawa Burkullu tare da 'yarsa, wadda na koyar tun tana aji uku. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ka yi mata magana. Zane take so, wasan kwaikwayo take so, waƙa ma tana so, ga shi takardar JAMB kwas ɗaya ake rubutawa. Ni kuwa dawa zan sayar in biya."

Abin da yarinyar ke nema akwai shi a wasu ƙasashe. A Jami'ar New York ta Amurka akwai makarantar Gallatin, wadda aka fara a 1972, inda ɗalibi ke tsara digirinsa da kansa tare da malami mai ba shi shawara, sa'an nan a shekarar ƙarshe ya zauna gaban malamai ya kare abin da ya haɗa. A nan ƙasarmu ba haka ba ne. Hukumar Kula da Jami'o'i ce ke shimfiɗa manhaja. A tsarin da ta fitar a 2022 ta riƙe kashi 70 cikin ɗari, ta bar kashi 30, amma fa jami'a aka bar wa, ba ɗalibi ba.

Duk da haka ban ce mata ta haƙura ba. Sai na ba su labarin Demas Nwoko.

An haife shi a 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin Jihar Delta ta yanzu. A 1957 ya zo Zariya karatun zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da abokansa, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane, domin sun ga ana koya musu hanyar Turawa kaɗai, su kuwa suna so su gama ta da fasahar gida. Ba su bar aji ba. Sun yi abin da malamai suka sa su, kana lokacin hutu kowa ya koma garinsu yana koyon abin da babu shi a manhaja. Da Nwoko ya gama a 1961, ya tafi Faris ya koyi tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ibadan. A 1970 ya soma gina wa 'yan ɗarikar Dominikan majami'a a Ibadan, da tubalin jar ƙasa, ya tsara ta yadda iska da haske za su shiga da kansu. Ba shi da digirin zanen gini, amma a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu zanen gini a birnin Benis na Italiya.

Abin da nake so iyaye su lura da shi shi ne, mutumin nan ƙofa ɗaya ya shiga, ya gama da ita sarai, sa'an nan ya ƙara ta biyu. Kuma duk abin da ya ƙara, akwai aikin da yake so ya yi da shi.

Saboda haka na juya wurin yarinyar na ce, "'Yata, bar lissafa mini abin da kike so ki koya. Wane aiki kike so ki ga kin yi bayan shekara huɗu, kuma domin wa?"

Ta yi shiru har uban ya fara gyaran murya. Can sai ta ce tana tuna labarin gubar dalma ta 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida inda yara ke rarrafe. Ta ce yawancin matan ƙauye ba sa karanta takarda, amma za su tsaya su kalli wasa, su riƙe waƙa, su gane hoto. Wannan take so ta iya yi.

To, ashe ba sana'a uku take nema ba, aiki ɗaya ne mai bukatar hannu uku. Daga nan tsarin bai yi wuya ba. Ƙofarta ita ce wasan kwaikwayo, Zariya kuwa ta daɗe da suna wajen kai wasa ƙauye domin wayar da kai, tun bayan da aka fara koyar da shi a can a 1975. Har dandalinsu na laka ne, irin ginin Hausa. Zane kuma ta nema cikin darussan zaɓi in sashen ya yarda, in bai yarda ba ta sami aboki a sashen zane, ta sayi littafin zane ta cika shi kowane zango. Waƙa dai ba sai ta je jami'a ba. Kakarta da matan zumunta sun fi kowane farfesa sanin muryar da ke shiga kunnen matan ƙasar nan, hutu kuwa watanni ne. Aikin bincike na shekarar ƙarshe shi ne wurin da za ta gama su duka, saboda haka tun aji ɗaya ta san abin da za ta yi a kai.

Na kuma faɗa mata abin da ba ta so ji ba. In makinta a babban kwas ɗin ya fara sauka, zanen ne zai jira, domin dawar uban ba ta da zagaye na biyu.

Uban bai ce ya yarda ba. Ya ce ta rubuta dukan wannan a takarda ɗaya, shekara bi da shekara, da kuɗin kowane abu a gefe, ta kawo mini in duba kafin a kai amfanin gona gida.