Kwalliyar da Ba Ta Biya Kuɗin Sabulu Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani ɗan al'amari da ake rainawa, alhali kuwa yana iya jawo wa mutum asarar zango guda. Watau maɓallin nan da ke ƙasan fom a shafin intanet, wanda ake dannawa a aika da abin da aka cike. Masu gina shafuka da yawa sun ɗauki al'adar cire kalmar "Aika", su dasa hoto a gurbinta, ko kibiya ko tambari, wai don ado.

Ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1995 ƙa'idar HTML ta biyu ta yarda a mai da hoto maɓalli. Amma fa rubutu yana zuwa tare da shafin, shi kuwa hoto sai an sake ɗauko shi daban. In sadarwa ta yi rauni, kamar yadda muka saba gani a ɗakunan kwananmu, sai fom ya bayyana, maɓalli ya ƙi fitowa. Ni kaina na taɓa cike fom na rajista tun daga sunana har kwas na ƙarshe, na rasa inda zan danna, ga wa'adi yana ƙarewa a daren.

Wannan ma da sauƙi. Ɗan'uwanmu makaho yana dogara ne da manhajar da ke karanta masa rubutun allo da murya. In ba a laƙa wa hoton bayani a rubuce ba, ba za ta iya gaya masa aikin maɓallin ba, sai ya nemi ɗan jagora a kan abin da zai iya yi da kansa. Ƙungiyar W3C ta fitar da jagora a 1999, sharaɗinta na farko kuwa shi ne kowane hoto ya kasance da madadinsa na rubutu. Har ila yau, a 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya.

Ba mu ce ado haramun ne ba. Tun 1997 HTML ta huɗu ta kawo maɓallin da ke ɗaukar hoto da kalma tare, saboda haka babu sauran uzuri. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta, waɗanda gobe su ne maginan shafukan nan, da su fara sa kalma tukuna, sa'an nan ado ya biyo baya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu gane.