Man Agadem: ganga ta ƙaru, lissafi ya rage a duhu

Tun watan Nuwamban 2011 Nijar ke haƙo man fetur a Agadem cikin jihar Diffa, tana tace ganga 20,000 a rana a matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram. Abin da ya sauya lissafi shi ne bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme ta ƙasar Benin, wanda aka tsara zai fitar da ganga 90,000 a kowace rana. Jirgin ruwan farko ya yi lodi a watan Mayun 2024.

Sai dai kafin ganga ɗaya ta bar Seme, an riga an ci wani kaso na kuɗinta. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na ƙasar Sin, da ruwan kashi 7 cikin ɗari, a kan za a biya da ɗanyen mai. A lokacin takunkumin CEDEAO ya ƙarar da baitulmali, don haka ba a rasa hujja ba. Amma mai bin ka bashi shi ne mai haƙo man, shi ke da bututun, shi ke da kashi 60 na matatar. Da wuya a ɗaga wa irin wannan abokin hulɗa murya a kuma ci riba. An gwada a watan Maris na 2025, lokacin da aka kori manyan jami'an Sin uku kan bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. A watan ne kuma ƴan kabu-kabu ke kwana a layin gidajen mai, domin SORAZ ba ta iya ƙosar da ƙasar tun da Najeriya ta janye tallafi, man sumoga mai arha ya ja baya.

Hanyar ma ba ta da tabbas. Rikicin iyaka da Benin ya tsayar da fitar da man daga Yuni zuwa Agustan 2024, ƴan tawaye kuma sun fasa bututun.

Babbar matsalar tana Yamai. Kundin tsarin mulkin 2010 ya wajabta buga yarjejeniyoyin ma'adinai da kuɗin da suke kawowa a jaridar gwamnati, amma an jingine shi tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Babu zaɓaɓɓiyar majalisar da za ta kira ministan mai ta tambaye shi. Wata doka ta Fabrairun 2024 ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati, ga shi tsaron ne ke cin kaso mai tsoka na kasafi. Ƙasar da ke yaƙi tana da sirrin da za ta ɓoye, wannan gaskiya ne. Yawan gangar da aka sayar da farashinta ba sa cikin wannan sirri.

Doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin mai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙo shi. Mutanen Ngurti da Gigimi na da haƙƙin sanin sefa nawa wannan kaso ya kama tun da aka fara lodi a Seme, da kuma ranar da ya shiga asusunsu.