DAGA BAKIN ZANGO: Tukunyar Hausawa a ƙauyen Fang



A watan jiya ba ku ji daga gare mu ba. Dalili kuwa mun yi tafiya arewa, zuwa wani ƙauye da ke kusa da Mitzic, domin ta'aziyyar wata tsohuwa 'yar ƙabilar Fang wadda muke kira Mama. Da muka dawo Libreville, sai wani daga cikin samarinmu na kasuwar Mont-Bouët ya tare mu bayan sallar Juma'a a masallacin Hassan II, ya ce, "Baba, wai da gaske ne kun rufe shago har kwana biyar saboda mutuwar wadda ba ta salla?" Ba mu tanka masa a wurin ba, don maganar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci. To, ga amsarsa, shi da masu irin tunaninsa.

A shekarar 1992 muka baro Maradi, mu biyu da wanmu, Allah Ya jiƙansa. Hanyar da kowa ya sani muka biyo: Kano, Yola, Garwa, daga Ngaundere jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan Ambam, muka ƙetare kogin Ntem muka faɗa Bitam. Duk inda muka sauka akwai zango, akwai mai masauki, akwai tuwo, har muka soma ganin tafiyar ba wata abu ba ce. Sai da muka wuce Oyem muka gane kurenmu. Damina ce, hanya ta zama taɓo, babbar motar da ta ɗauko mu ta karye a tsakiyar kurmi da la'asar sakaliya. Direba ya ce sai an kawo ƙarfe daga Oyem, ya kama gabansa.

Wani dattijo ne ya fito daga ƙauyen da ke gefen hanya ya ce mana "Mbolo", ya ja mu zuwa rumfar nan ta maza da ake ce wa corps de garde, wadda ita ce zaurensu, nan suke hira, nan suke shari'a, nan suke saukar baƙo. Faransancinmu a lokacin bai wuce na ciniki ba. Ya ba mu ɗakin ɗansa. Gaskiya ɗaya ce, daren farko ba mu runtsa tare ba. Ɗaya na barci ɗaya na gadi, 'yan kuɗinmu suna ɗaure a ƙugu, saboda irin labaran da aka cika mana kunne da su a zango game da mutanen kurmi.

Da dare matarsa ta kawo rogo naɗe cikin ganye da ayaba da wata miya mai ƙamshi, amma naman beguwa ne a ciki, ba mu kuwa san wanda ya yanka ba. Muka ture kwanon, muka kwance garin kwaki da ƙuli-ƙulinmu. Ta tsaya ta dube mu, ta ɗauke kwanonta ba ta ce uffan ba. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi idan baƙo ya mayar da akushi yadda aka kawo shi.

Da gari ya waye sai ga dattijon da zakara a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya. Ashe ya yi zama a Oyem kusa da Hausawan da kakanninsu suka shigo ta Kamaru tun zamanin Turawa, ya san halinmu. Ya miƙa wa wanmu wuƙar ya ce, "Ɗana, yanka da kanka." Ita kuwa ta ɗauko wata tukunya da ba ta taɓa dafa komai a ciki ba sai ruwa, ta dirje ta da toka a gabanmu don mu gani, ta yi mana miyar gyaɗa. Kwana uku muka yi a gidan, kullum da asuba za mu tarar da ruwan ɗumi a bakin ƙofa don alwala, alhali ba mu roƙa ba. Da za mu tafi muka fito da kuɗi, ta ɓata rai fiye da ranar da muka ture kwano. Goro da ɗan kilishin da ya rage kawai ta karɓa. A nan muka koyi kalmar "akiba", watau na gode.

Da abin ya tsaya nan, da sai mu ce alherin hanya ne. To amma ɗan nasu da muka kwana a ɗakinsa yana aiki a nan Libreville, yana zaune a Nkembo, kuma sun ba mu saƙon rogo mu kai masa. Daga kai saƙo aka soma gaisawa, daga gaisawa aka kai ga cin abinci tare. Manyanmu suna tuna abin da ya biyo baya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, jarin ƙananan 'yan kasuwa ya narke. Sannan hukuma ta ba baƙi wa'adin gyara takardun zama, wa'adin ya cika a Fabrairun 1995, dubban mutane suka bar ƙasar nan. Muna cikinsu, don ba mu da kuɗin kati. Mun ga waɗanda suka sayar da keken ɗinki a kuɗin buhun shinkafa. Mu kuwa muka kwashe atamfofinmu da littafin bashi muka kai Nkembo. Bayan wata bakwai muka dawo da takardu, muka tarar ko ƙyalle bai ɓata ba, har ya bi mutum huɗu ya karɓo mana bashi ya rubuta. Wani ɗan garinmu da muka bar wa rediyo kuwa, har yau muna jira.

Ba muna cewa a raina zango ba ne, Allah Ya kiyaye, a cikinsa muka yi wayo. Amma abin takaici ne a ga yaro ya shekara goma a garin nan, daga Mont-Bouët sai masallaci sai ɗaki, bai taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ya gaida mara lafiya ba, bai iya bambanta Fang da Punu da Mpongwe ba, sannan shi ne mai ƙorafin wai ba a bambanta Bahaushe da mutumin Mali. Game da zancen salla kuwa, malamanmu sun karantar da mu cewa sahabban da suka yi hijirar farko wurin Najjashi sarkin Habasha suka sami mafaka, a ƙasar Kiristoci, kuma ba a taɓa jin sun manta masa ba.

Mun isa ƙauyen bayan an yi jana'iza. Ba mu shiga abin da ya shafi ibadarsu ba, su ma ba su nema ba. Muka zauna a rumfar nan dai, muka ajiye buhun shinkafa da turmin atamfa. Da yamma sai babbar 'yarta ta aiko jika da zakara da wuƙa, ita kuma ta fito da tukunyar, duk ta lotse, ta ce tun 1992 Mama ba ta yarda an sa komai a ciki ba sai in mun zo, "tukunyar Hausawa" take ce mata.

Sun sa bikin fitar da makoki a watan Agusta, lokacin rani, kuma sun ce lallai mu zo. Akwai gurbin mutum ɗaya a mota. Yaron da ya yi tambaya ya san shagonmu.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.